Agwagin Roba na Tokuji

Alhamis, 10 ga Janairu

Jirgin ƙasa uku muka hau daga Kagoshima har arewa, duk don agwagwa. Agwagwar ma ba ta miya ba, ta kallo. Shekara talatin da ɗaya mijina Tokuji yana zuwa gaɓar tekun garinsu kowane Janairu ya ƙirga agwagin daji da 'yan ƙungiyarsu, bai taɓa neman rakiyata ba sai bana. "Ke, shirya." Gayyatar ke nan.

Muna komawa zan tattara kayana in koma Osaka wurin 'yata Chizuru, ta riga ta share mini ɗaki. Na gaji da zama da bango mai cin shinkafa. Na gaya masa a jirgi. Ya ce, "Kin ɗauko safar hannu?"

Juma'a, 11 ga Janairu

Sanyi. Haƙoran robana ma karkarwa suke yi.

Asabar, 12 ga Janairu

Yau gwaji, gobe ƙirgar gaske. Shugabansu Kumagai, mai fuska kamar busasshen kifi, ya dubi jar rigata ya ce, "Iya, ja yana korar tsuntsu." Na ce, "Fuskarka fa, ɗana, jawo su take yi?" Suka lulluɓe ni da wata rigar toka mai ƙarnin kifi. Ba magana, ba tari.

Tsohona Tokuji ya kafa madubin hangen nesa, yana danna 'yar na'urar ƙirgarsa, ƙas, ƙas, ƙas. Na leƙa in ga abin da ya fi ni daraja shekara talatin. Ƙwallaye ne! Baƙaƙen ƙwallayen roba da masu noman ciyawar teku ke ɗaure igiyoyinsu a jiki. A jere reras, yana ta ƙirga su. Na toshe baki da safar hannu, dariya har hawaye.

Kumagai ya ja ni gefe. Wai lissafin Tokuji na bara ya ninka na kowa. Gobe shi Kumagai ma zai ƙirga gaɓar daga kan tudu, in lissafin Tokuji bai zo daidai da nasa ba za su ba wani wurinsa. Ina ruwana.

A masauki na ce, "Tsoho, agwaginka na yau akwai ladabi, ko ɗaya bai yi nutso ba." Ya daɗe yana juya miyar miso. Can ya ce tun bara komai hazo yake gani.

"Shi ya sa ka ɗauko ni? Tabarau ka mai da ni?"

"E."

E! Ko ƙaryar daɗin baki bai iya ba. Gobe ina cikin bargo, ya je ya ƙirga robarsa.

Lahadi, 13 ga Janairu

Na je. Don in baƙanta wa busasshen kifin nan rai ne kawai.

Ni ke leƙa madubi, shi ke riƙe da na'ura. Duk goma in mintsine shi a gwiwa, ya danna. Ban tausaya wa gwiwar ba. Sunayensu ban sani ba, sai in raɗa masa, "Mai koren kai, yana taƙama kamar ƙaninka." Ya ce iri kaza ne, ya rubuta da manyan haruffa. "Mai wutsiya kamar tsinken cin abinci." Ya faɗi suna. Wani tsuntsu ya yi fito can cikin ciyayi, tun ban juya madubin ba tsoho ya ce, "Mai jan kai, goshi ruwan ƙwai. Duba hagu." Na duba. Haka yake.

Ban san ya iya wani abu haka ba. A gida ko tukunyar shayi sai an nuna masa.

Mu ɗari uku da tamanin da bakwai. Kumagai ɗari uku da casa'in da ɗaya. Ya dubi takarda, ya dube ni, ya rusuna wa Tokuji har ƙasa. Na ce, "Huɗun nan naka ka tabbata suna da gashi?"

Tsoho bai ce na gode ba. Ya miƙo mini dunƙulen shinkafarsa mai kifi, ya ɗauki nawa mai tsami.

Litinin, 14 ga Janairu

Gwiwarsa ta yi shuɗi. Madalla.

Talata, 15 ga Janairu

Chizuru ta bugo muna jirgi, wai yaushe za ta turo motar kwasar kaya. Na ce ta dakata. Akwai likitan ido da za a kai wannan bangon, in na bar shi zai shiga shagon aski ya zauna jiran a duba shi. In an yi aikin kuma sai an riƙa ɗiga masa magani. Wata biyu, uku, ban sani ba.

Ta ce, "Mama, kin fasa ne?" Na ce ta kiyaye bakinta.

Huɗun nan suna damuna. Na san inda suka ɓuya, bayan wani jirgin ruwa mai tsatsa da ke gaɓar. Baɗi ta can zan fara.