Ƙusoshin Zauren Baba

Malam Baballe, don Allah ka agaza mini. Babbar Sallah ta ƙarato, ni kuma ba ni da mai kankare mini ƙirgi ko ɗaya.

Ni haifaffen Agege ne. Mahaifina, marigayi Alhaji Sanda, fataucin fata da ƙirgi yake yi, bara na gaje shi. Ma'aikatanmu 'yan cirani ne. Bayan girbi suke zuwa, su kwaso fatu daga kwata, su kankare, su zuba gishiri, da an yi ruwan fari su koma gona. Babbansu Talle, mutumin Illela, tun ana goya ni yake zuwa gidanmu. Shi ya koya mini riƙe wuƙa.

A zauren Baba kowannensu yana da ƙusarsa a bango. In zai tafi gida sai ya rataye wuƙarsa da rigar aiki, ya jingine tabarmarsa a ƙasa, ba mai taɓawa har ya dawo. Wallahi har yau ina jin warin gishirin zauren nan, da Inno tana miƙo ƙwaryar koko, Baba yana tsokanar Talle wai ya tsufa a Ikko bai iya gaisuwa da Yarbanci ba. Ina kewar lokacin ƙwarai.

To, harka ta buɗe, na sayi Fijo, manyan 'yan kasuwa suna zuwa wurina, sai tsummokaran nan suka fara ba ni kunya. Da damina na sa aka zare ƙusoshin, aka yi fenti, aka kawo tebur da fanka. Kayansu ban zubar ba, na haɗa a buhu na kai sito.

Da Talle ya sauka bana, ya tsaya bakin zaure ya daɗe yana duban bango. Ya gaishe ni da oga, shi da ke ja mini kunne! Ya tono wuƙarsa daga buhu ya tafi. Yanzu dakon siminti yake a Apapa da tsufansa, sauran duk sun bi shi. Na aika direba da alkawarin ƙarin lada, ya ce a gode mini, ya ga babu wuri. Sababbin da na ɗauka huda fatu suke yi, azahar kuwa sun sulale. In fatun layya suka ruɓe, sunan Baba ya mutu a kasuwa. Ni fa ban kori kowa ba, Malam.

Magajin Marigayi, Agege

*

Ɗana, ka kore su, bakinka ne kawai bai faɗa ba. Ofis ba laifi ba ne, kasuwa ta canza, kuma zaure naka ne. Talle ma da ya tsaya ya faɗa maka damuwarsa da ya fi. Amma ɗan cirani ba ya da takardar aiki da kai. Yana can gona, abin da ke tabbatar masa cewa ana jiran sa a Agege ita ce ƙusar nan. Ya dawo ya tarar da kayansa da na sauran a buhu ɗaya.

Ƙarin lada ka yi shi, sun cancanta, sai dai Apapa za ta iya fin ka biya. Kada ka sake aika direba. Ka bar Fijo a gida, ka je da ƙafarka, ka kira shi da sunan da kake kiran sa kana yaro, ka ce ka yi kuskure. Sababbin nan ma ka koyi sunayensu da garuruwansu, a ba su koko da safe, a haɗa su da tsohon hannu.

Idan Talle ya ƙi, kada ka riƙe shi, ba bawanka ba ne. Idan ya biyo ka, ka miƙa masa guduma da ƙusa, ya kafa da hannunsa a kan sabon fentin, inda baƙinka za su gani.

Allah ya jiƙan Alhaji Sanda, ya sa fatun bana su bushe lafiya.

Baballe