Shanyar Tsohon Alƙali

Zuwa ga Kakata, uwargidana kuma amaryata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwa, ya ƙarfin jiki? Ya Kawu da yaransa? Ina gaida matar Kawu da ke karanta miki wannan, kuma ina roƙonta don Allah ta karanta duka, kada ta tsallake inda na zolaye ki.

Albishirinki, tsohuwa. Ni da Yaya mun ga gida. Tun ranar da na zo na tarar an haɗa miki gado da buta da kujera a ɗakin bene, aka ce min kin daina saukowa saboda matakala, ban sake samun sukuni ba. Ke da kika saba zaga unguwa kina jin kanun labarai, yau sai dai a kawo miki su a sama kamar abinci. Shi ya sa muka sayar da filin Baba, muka haɗa da abin da Allah ya hore mana, shi daga tuƙinsa, ni daga aikin taga da ƙofa.

Gidan yana wata tsohuwar unguwa a gefen gari. Itatuwan bakin titi sun girma har sun haɗe kai ta sama, kina tafiya a inuwa tun daga kwana har ƙofar gida. Yawancin mutanen wurin 'yan fansho ne. Shirun unguwar har tsoro ya ba ni. Na yi atishawa, wallahi sai da na waiga na ba titi haƙuri. Ki tuna gidan hayarmu, inda idan mutum ya yi tari a ɗakinsa ɗakuna biyar ke ce masa sannu.

Babu matakala ko ɗaya, Kaka. Daga ɗaki sai baranda, daga baranda sai tsakar gida, ga mangwaro, ga famfo a gindinsa. Fenti ya tsufa, tagogin duk sun sha tsatsa, amma wannan ai sana'ata ce.

Mai gidan wata Hajiya ce, tsohuwar ungozoma. Mijinta ya rasu, za ta koma wurin 'yarta. Dillali ya faɗa mana tun a mota cewa ita ba wanda ya fi tayi take nema ba, sai ta zauna da mutum ta dube shi. Akwai wani ɗan kwangila da ke son gidan, kuma ya fi mu nauyin aljihu nesa ba kusa ba. Yaya ya ja min kunne kafin mu shiga, ya ce in na yi wasa ko ɗaya zai ajiye ni a titi. Na zauna na naɗe ƙafa kamar gaban Malam ranar da ban iya haddata ba. Da ta tambayi wa zai zauna a gidan, na ce ke. Ta tashi da kanta ta nuna mana ɗakin da rana ke fara shiga da safe, ta ce masu ciwon gwiwa suna son wannan.

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai yarda in dawo in auna tagogi. Ki sa mu a addu'a, kuma ki fara rage tarkace, don ba zan ɗauki tsofaffin kwanukan nan naki ba.

Ki huta lafiya.
Mijinki na ƙwarai,
Ja'iri

*

Zuwa ga Kakata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. A gaida Kawu da kowa da kowa. Matar Kawu, wannan karon ki rage murya.

Kaka, na yi ɓarna. Na san za ki ce dama, amma ki saurara tukuna, don wannan karon da niyyar alheri na fara.

Na koma auna tagogi kamar yadda aka yi. Hajiya tana ciki tana shirya kaya a kwali, ni ina bayan gida, sai hadari ya taso. Na leƙa ta kan shingen furen da ya raba gidan da na maƙwabci, na ga shanya cike da igiya, fararen kaya tas, ba kowa a tsakar gidan. Kin san yadda muke a gidan haya. Wanda ya fara ganin hadari shi ke kwashe shanyar kowa, ba a tambayar ta wace ce, daga baya a zo a tsince. Ke kika koya min haka, har da ranƙwashi. Ban yi wani tunani ba, na ga wata kafa a shingen na kutsa.

Na kwashe riguna, na kwashe wanduna, na rataya tawul a wuya. Saura hula ɗaya da aka kifa a kan bulo, hannuwana kuma sun cika. Sai na sa ta a kai. To, gaskiya, da na ji ta zauna daram, na hango kaina a gilashin taga, shaiɗan ya ɗan raɗa min. Na gyara mata zama, na turo ciki, na yi taku irin na manya zuwa baranda. Ban fi taku uku ko huɗu ba, Allah ne shaida.

Ina ɗaga kai sai ga mai gidan a ƙofa, dogon tsoho da sanda, yana kallona ta saman tabarau. Ashe tsohon alƙali ne. Kaka, duk gidajen duniya, sai na alƙali! Bai yi ihu ba. Ya danna waya kawai, sai ga maigadin unguwa a guje da kulki. Ruwa ya sauko, mutanen da ban taɓa ganin ko inuwarsu ba duk suka fito baranda da lema suna kallo. Ni kuwa ina tsaye rungume da wandunan mutum, hularsa a kaina. Ina ta bayani, maigadi yana cewa duk ɓarawon da ya taɓa kamawa taimako ya zo yi.

Hajiya ce ta fito ta ce ta san ni, aka sake ni. Amma ta karɓe mabuɗin ƙofar baya da ta ba ni don aikin awo, ta ce in tafi tukuna. Dillali ya kira Yaya ya ce a unguwar nan ba a shiga gidan kowa sai an buga waya, ko da gobara ce sai an ƙwanƙwasa, kuma Hajiya da Alƙali sun yi maƙwabtaka tun 'ya'yansu na rarrafe, ba za ta bar masa fitina ta tafi ba. Ya ce mu fara duba wani wurin.

Yaya ya daina yi min magana. Abinci ma turo min yake da ƙafa. Ban damu da wannan ba kamar yadda na damu da ɗakin nan mai rana. Na riga na sa miki rai, ga shi na ɓata komai da hannuna. Ki yafe min. In kina da sauran faɗa ki aiko, na fi son naki da shirun Yaya.

Naki mai laifi,
Ja'iri

*

Zuwa ga amaryata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar mai farin ciki. Ya gwiwa? Saƙonki ya iso ta bakin Kawu, kuma ya isar da shi yadda kika faɗa, har da "mai kan kwakwa". Na gode. Kin ce in wanke ƙafa in je in ba dattijo haƙuri, ko a sayar mana ko kada a sayar. Na je.

Na yi sallama daga bakin titi, na jira har aka ce in shigo. Ya zaunar da ni a baranda ya yi min tambayoyi kamar ina gaban shari'a: sunana, sana'ata, inda na yi karatu. Na ce allo ne kawai. Ya ja min aya, na ƙarasa masa, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce kwashe shanya ya fahimta, hula fa? Na ce rabi hannu ne ya cika, rabi kuwa so na yi in ga ko alƙalanci zai karɓe ni. Ya ce alƙalanci bai karɓe ni ba. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, amma ba zan rantse cewa murmushi ne ba. Ya yanke hukunci: kafar shinge ta zauna yadda take, in na ga hadari in yi sallama da ƙarfi kafin in kutsa, hula kuma har abada. Na ce ai ba a sayar mana ba. Ya ce ɗan kwangila rushe gidan zai yi ya sare mangwaro ya dasa masa bene a ka, gara fitinar da ya riga ya ga fuskarta.

Washegari Hajiya ta kira mu. Bayan Yaya ya fita duba mota, ta tsayar da ni a ɗakinki ta nuna min tagar Alƙali ta saman shinge. Ta ce tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suna nesa, kullum da safe sai ta duba ko ya ɗaga labule. In ya ɗaga, ta san ya tashi lafiya, sai ta ci gaba da harkarta. Bai sani ba, kuma in ya sani zai yi fushi. Ta ce abin da ya hana ta sayar da gidan tuntuni ke nan, don duk masu zuwa mutanen kirki ne da ba sa leƙa gidan kowa. Ranar shanya ta ji haushina sosai, amma da ta kwanta sai ta ce a ranta, ga wanda idonsa ke tsallaka shinge.

Kaka, ni da bakina ba ya mutuwa, sai godiya kawai nake maimaitawa. An je wurin lauya, an sa hannu, ta ba Yaya mabuɗai. Yaya ya yi min magana a hanya, ya ce in sauke ƙafata daga kan kujerar motarsa. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ya ba dattijon nan lafiya, ke kuma ya bar min ke.

Na faɗa wa Hajiya gaskiya cewa ni da sassafe nake fita aiki, amma ina da wadda ta fi ni iya sa ido nesa ba kusa ba, ta yi shekaru tana yi kyauta. Don haka ki shirya, aiki na jiranki. Tagar ɗakinki na fara cirewa, na sa sabuwa mai faɗi, na saukar da ita daidai yadda za ki gani daga kan gado ba sai kin miƙe ba. Sharaɗina ɗaya ne. Labule aka ce ki duba, ba mai labule ba. Mutumin ba shi da mata, kuma har yanzu yana da haƙoransa, ni kuwa ban shirya a ƙwace min ke a gidan da na kusa shan kulki a kansa ba.

Yaya zai zo da mota ƙarshen mako. Ni zan goyo ki daga benen nan, kuma ita ce saukowarki ta ƙarshe a matakala in Allah ya yarda. Kwanukan ma ki taho da su, akwai wuri.

A gaida Kawu, a gaida matar Kawu da ta sha karatu.

Mijinki mai gida,
Ja'iri