Dajin da Chóforo Ya Kwaso Mini Tsakar Gida

Litinin, 8 ga Afrilu

Ta tabbata. Nemesio, wan mijina, ya sayar wa masu shanu dajin babansu. An fara sara, kuma kafin ruwa ya sauko za a sa wuta. Ni dai na ce Allah ya kyauta. Shi kuwa gogan nawa, Chóforo, ko kofi bai sha ba ya suri adda ya fita. Da rana ya dawo da buhu cike da ciyayin nan da ke maƙalewa a rassan itatuwa.

Na ce, "Tsoho, kauci ka kwaso mana?"

Wai ba kauci ba ne, ba sa shan jinin bishiya, zama kawai suke yi a kanta. Na ce to, irin danginka ke nan.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Igiyar shanyata ta tafi. Ya cika ta da tsirrai daga wannan kai zuwa wancan. Masu kama da kan abarba suna riƙe ruwa a cikinsu, ruwan kuma da masu shi yake zuwa. Yau na buɗe tukunyar da na jiƙa wake, kwaɗo ya zuba mini ido kamar ni ce baƙuwar.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Mun dawo daga coci na tarar da shuɗin siket ɗina a yayyage. Da shi yake ɗaure tsirran nan a jikin itatuwa, wai tsumma ba ya yanka saiwa.

"Ai ya tsufa, Frosina."

"Kai ma ka tsufa, na yayyaga ka?"

Na ja masa layi: ya cika ko'ina, amma ban da bishiyar lemon da ke ƙofar kicin. Ni na shuka ta shekarar da na haifi Ofelia. Ranar da na ga ko ganye ɗaya na tsirransa a jikinta, gidan ƙanwata zan koma. Kuma ba wasa nake ba.

Asabar, 20 ga Afrilu

Sauro. Na gaji, na gaji.

Talata, 23 ga Afrilu

Ƙawata Hermila ta leƙo, ta yi dariya har da riƙe ciki, wai biri kawai ya rage mana. Bayan ta tafi ya zauna a bakin murhu yana ba ni labarin da ban tambaya ba. A can saman tsohon ɓauren bakin rafi akwai wani farin fure mai ƙamshi. Duk uku ga Mayu, ranar bikin gicciye, babansu yakan hau ya tsinko, mamarsu ta yi wa gicciyen gida ado da shi. Bai taɓa ganin irinsa a wata bishiya ba. Shi ba ya iya hawa yanzu, jira yake a kayar da ɓauren ya ciro shi kafin wuta.

Na ce wake na ƙonewa. Ba ya ƙonewa.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Abin da nake gudu. Ya taka reshe ya zame, masu sara suka kawo shi a bayan mota, ƙafa ta kumbura suntum. Likita a garin Catemaco ya ce tsagewa ce, kada ya taka ta. Muna cikin motar dawowa yana tambayata ko na ba tsirrai ruwa. Da ba don mutane ba, da na karya masa ɗayar.

Litinin, 29 ga Afrilu

An kayar da ɓauren. Daga nan muka ji faɗuwarsa, har kwanuka suka motsa. Jibi za a sa wuta.

Bai roƙe ni komai ba. Ya juya fuska bango, abinci ma ya ture. Wannan shirun ya fi surutunsa ba ni haushi.

Talata, 30 ga Afrilu

Itacen girki na je nema. Shi ne gaskiyar magana.

Wurin ya zama fili, rana na dukan inda ban taɓa ganin ta taɓa ba. Ko tsuntsu babu. Masu sara suka hango ni ina kutsawa cikin rassan ɓauren, ɗaya ya ɗaga murya, "Doña Frosina, ke ma ciwon ya kama ki?" Na ce ya ji da gatarinsa.

Na sami tsiron farin furen nan can ƙarƙashi, ya yanƙwane, ganye duk ya kwanta. Na ɓamɓaro shi da ɓawon da yake kai, tururuwa suka yi mini kaca-kaca da hannu. Na ɗan zauna a kan kututturen. Raina ya ɓaci sosai, ban san da wa ba.

A gida babu sauran inuwa, mutumin nan ya cinye ko'ina. Sai lemon. Na ɗaure shi da igiyar rigar girkina. Na wucin gadi ne.

Itacen kuma na manta shi a can.

Juma'a, 3 ga Mayu

Kwana biyu hayaƙi na shigo mana har ɗaki. Gicciye bana da furen takarda muka yi masa ado.

Nemesio ya zo duba ƙafa. Ya tsaya a ƙofar kicin yana zuba, wai ciyawar shanu ma ai kore ce, ya jingina da lemon, hannunsa a kan abin nan. Ban san lokacin da na maka masa ludayi ba. Na ce ya ƙone dajin ubansa bai ishe shi ba, sai ya biyo ɗan abin da ya tsira? Ya fita yana murza yatsu.

Daga ɗaki na ji tsohon nan yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya cinye kwano biyu. Ya tambaye ni ko tsiron ya kama, na ce ina na sani, ni ba na dubawa.

Saiwa ɗaya ta fito, kanta kore, ta manne da ɓawon lemon.

Na ɗaura sabuwar igiyar shanya a bayan gida. Dama can ya fi rana.