Lambar da Sha Bakwai Ta Ƙi Rabawa

Tambuwal, Talata

Baba,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kana lafiya, ya ƙarfin ƙafar? A gaishe mini da Inno.

Albishirinka! An kira ni gwajin koyarwa jibi. Gurbin malamin lissafi guda ne a makarantar 'yan mata ta Kebbe, mu fuɗu muke nema. In na samu, na dawo gida ke nan bayan shekara biyar, Inno ta samu mai kama mata jinyarka.

Lamba guda aka ba mu mu yi darasi a kanta: 720,720. Kai Baba, ita ce irin wadda kake nema wurin rabon gado! Rabi, sulusi, sumuni, duk suna fita ba ɓari. Daga ɗaya har sha shida ba wadda ba ta raba ta, kuma ba lambar da ke ƙasa da ita mai wannan hali. Na ƙirga masu raba ta, ɗari biyu da arba'in cif. Har tuwo na ƙona a kanta, gwaggo Kulu tana ta mita. A sa ni a addu'a.

Ɗiyarka,
Hamdiya

Tambuwal, Litinin

Baba,

Ina gaisuwa da fatan alheri.

Ran Alhamis darasi na tafiya daidai, sai shugaban masu gwajin, Malam Na'iya, dattijo sa'anka, ya miƙe ya ce na tsaya da wuri a sha shida, ai sha bakwai ma tana raba lambar. Ukun da suka riga ni duk sun amsa masa da haka ne. Kai ka hana mu musu da babba, amma ga ɗalibai arba'in sun duƙa za su rubuta kuskure a littafi.

Sai na rusuna, na ce kaina ya ɗaure, ya taimaka ya duba ni in raba a allo. Na raba a hankali, ina waiwayensa kowane layi yana gyaɗa kai. Biyar ta yi saura. Ya ɗauki hularsa ya fita. Wallahi kwana uku ko ruwa da ƙyar nika sha, na ce na kashe kaina da kaina.

Yau da safe sai ga shi a ƙofar gwaggo a kan babur. Ya ce shekara ashirin yana faɗar haka a aji, ba wanda ya taɓa ɗaukar alli ya gwada. Ya miƙo mini takardar ɗaukar aiki, ya ce yaran Kebbe sun yi sa'a. Ni ce, Baba! Na fashe da kuka a gabansa, kunya ma ban ji ba.

Ka ce wa Inno Asabar ina tafe, da akwatina duka biyu.

Ɗiyarka mai ƙaunarka,
Hamdiya