Tsagar da ke Wuyan Tsini

Litinin, 8 ga Maris, 2004

Iska tun safe, yashin hamadar Mojave har cikin kofin gahawata. Mun sake kunna injin rokarmu a ɗaure a ƙasa, gwaji na goma sha huɗu. Ya yi ruri na daƙiƙa ashirin aka kashe, kowa ya tafa. Ni ban tafa ba, gwiwata na ciwo.

Rokar sauran mutane da mazurari take ƙarewa, wuta ta bi ta cikinsa. Tamu a juye take: tsini ne na jan ƙarfe a tsakiya, wuta na bin bayansa, iskar waje ita ce bango. A ƙasa iska ta matse wutar, a sama ta sakar mata mara, inji ɗaya ya dace da kowane tsayi. Haka dai takarda ta ce. Shekara talatin da shida ina wannan aiki, cikin injinan da na sa wa hannu ko ɗaya bai taɓa barin ƙasa ba. Biyu suna can sito a lulluɓe da tamfol.

Laraba, 10 ga Maris

Akwai tsaga a wuyan tsinin, siririya kamar silin gashi, daidai inda mai ke bi yana sanyaya ƙarfen. Na nuna wa Delfino, mai waldarmu.

"Haba Birki! Sai da ka sa tabarau biyu fa ka gan ta. Allah ya jiƙan matar da ke dafa maka abinci."

Birki suke ce mini a nan. Da ina jin daɗin sunan.

Jumma'a, 12 ga Maris

Roka a tsaye, an cika mai. Ƙa'idarmu kafin harbi, shugabarmu Maxine za ta kira kowa da sunansa ta rediyo, ya ce "a tafi" ko "a tsaya". Mutum ɗaya ya ce a tsaya, magana ta ƙare, kuma ba mai tambayarsa dalili sai an sauke mai. Shida suka ce a tafi. Da ta zo kaina ta ce "Orval, ɓangaren sanyaya?" na ce a tsaya. Karo na uku ke nan.

Awa huɗu ana sauke mai cikin rana. Wajen cin wake da burodi bencina ni kaɗai.

Talata, 16 ga Maris

Maxine ta same ni a rumfar aiki. Izinin harbi ranar Asabar zai ƙare, ƙera sabon tsini kuwa wata huɗu ne, masu ɗaukar nauyinmu sun ce ba za su jira ba. In rokar ba ta tashi Asabar ba, sai tamfol.

"Ba zan matsa maka ba, dattijo, bakinka naka ne. Amma ba mutum a ciki, ba gari kusa, mu kuma muna bayan bangon kankare. Wa kake karewa?"

Na ce injin nake karewa.

"Injin? Ko takardar? Muddin bai tashi ba ai ba mai cewa kun yi kuskure, kai da tsofaffin abokanka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da ni na koya mata riƙe sifana! Na ce ta fitar mini daga rumfa, ta fita tana murmushi, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan.

Alhamis, 18 ga Maris

Na sake auna tsagar. Ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Na gaji wallahi.

Asabar, 20 ga Maris

Shida suka ce a tafi. Da aka zo kaina rediyo ta yi tsit, har Delfino ya tsoma baki, abin da ba a yi: "Birki, ka mutu ne?"

Na ce a tafi. Ban san daga ina muryar ta fito ba.

Ta tashi. Daƙiƙa goma sha tara tana hawa tiryan-tiryan, sai ta karkace, ta yi tartsatsi, ta faɗo can bayan tsauni. Da la'asar muka kwaso tarkacen a bayan akori-kura. Tsinin ya rabe daidai kan tsagar. Kowa na satar kallona, suna jiran in ce ai na faɗa. Ba ni da ƙarfin faɗar haka.

Litinin, 22 ga Maris

Ƙaramar kyamarar da aka ɗaura a gindin rokar ta tsira. Maxine ta kunna mana hoton. Wutar ta fara a matse jikin tsini, rokar na hawa tana buɗewa a hankali, ba mai taɓa ta. Abin da na zana wa mutane a allo sau ɗari, yau na gan shi da idona. Duk sun watse suka bar ni ina maimaitawa.

Gaskiya ce tawa game da tsagar, a rubuta wannan. Har gobe ba daidai ba ne a harba ƙarfe mai rauni, kuma ban yafe wa Maxine maganarta ba.

Da zan fita na tambayi Delfino ko akwai sauran jan ƙarfe a sito, kuma ko wata huɗun nan za a iya mai da shi uku. Tambaya ce kawai.