Allurar da Take Cewa Lafiya Lau

Unguwar Kanti,
Kazaure.

Zuwa ga Yayana Sharfuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zara da yara, ya kuma sassauta muku zafin Jidda. Mu nan sai godiya. Damina ta yi albarka, geron gonar Roni ya shigo gida, Inna kuma tana nan da azuminta na Litinin da Alhamis. Na ba Kawu Muhammadu Lawal takardar tunda zai zo Umara, domin duk sanda ka kira waya Baba yana kusa, kunnensa kuwa bai tsufa ba. Abu biyu kake ta tambayata: motar Baba da jikin Baba. Game da jikin, amsa ɗaya muke ba ka bisa umarninsa, na kuma san ranka bai kwanta da ita ba. Bari in fara da motar, don ita ce ta buɗe min baki.

Ƙwaƙwalwar injin da ka aiko a madadin wadda ruwa ya lalata ta iso lafiya. Manasseh mai wayarin na bayan tasha shi ya ɗaura ta, ya jona kwamfutarsa ya zuba mata lissafin da ka turo. Mota ta tashi bugu ɗaya, har shan mai ya ragu. Sai dai kai da kake kwana kana tashi cikin kayan mota ka manta ka gaya mana allon gaban direba zai mutu. Gejin mai kaɗai ya rage da rai, saboda wayarsa daga tanki take zuwa kai tsaye. Allurar juyin inji da allurar zafi kuwa suka kwanta warwas. Manasseh ya ce tsohuwar ƙwaƙwalwar ce take gaya musu abin da za su nuna, sabuwar kuma yarenta daban, tana magana ba sa ji.

Ka san Baba da allurar zafi. Tun muna yara ya fi kallonta a kan kallon titi, yanzu da nake tuƙa shi ma idonsa yana kanta. Ya ce ba zai shiga motar da ba ta faɗin abin da ke cikinta ba. Ta juyin injin ba ta ba da wahala ba. Manasseh ya jawo waya daga sabuwar ƙwaƙwalwar, ya sa wani ɗan akwati a tsakani yana yi musu tafinta, allura ta miƙe. Ta zafin ce ta tsaya. Sensa ɗaya ce a jikin injin mai jin zafin ruwa, sabuwar ƙwaƙwalwar ta karɓe ta, kuma ya ce idan aka raba wayarta gida biyu, duka biyun ƙarya za su riƙa karantawa. Dole a samo ta biyu a dasa a tiyon lagireto don allurar ita kaɗai. Kayan sai daga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, sai wani makon, mu kuma washegari muna da tafiya Kano wadda ba a ɗagawa.

A nan Manasseh ya kawo dabara, bai kuma ɓoye min komai ba. Akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da ake ɗaurawa a wayar, allura ta tsaya a tsakiya daram ko injin na tafasa ko yana sanyi. Ya ce da yawa haka ake yi, kuma babu haɗari sosai tunda ƙwaƙwalwar ce ke kunna fanka da kanta. Na ce ya sa. A ganina na ɗan lokaci ne, hankalin tsoho ya kwanta.

Da safe muka fito, Baba ya zauna gaba, na murɗa makulli. Inji bai ko tashi ba allura ta haye tsakiya ta zauna. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce in kashe. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi ya daɗe yana aikin fada, ya san bafaden da ke cewa ƙasa lafiya lau tun ba a tambaye shi ba, kuma irinsu ne ke sa a kwana da wuta a rufin ɗaki. Ya ce gara allurar da ta mutu, ka san ba ka sani ba, da wadda take kwantar maka da hankali. Ranar a motar haya muka je Kano, ya kuwa sha wuya.

Da kayan suka iso Manasseh ya cire ƙwayar shinkafarsa, ya yanka tiyo ya dasa sensar, ya ja mata wayarta. Baba ya sa aka kai masa kujera garejin. Ya ce a gwada masa ita ta hanyar da zai yarda. Manasseh ya zare wayar fanka, aka bar inji yana aiki a tsaye. Allura ta tashi a hankali daga ƙasa, ta wuce tsakiya, ta doshi ja. Sai da ta kusa taɓawa Baba ya ɗaga hannu, aka mayar da fanka, ta sauko. Rabona da ganin fara'a irin wannan a fuskarsa an jima. Ya sa wa Manasseh albarka, ya ce abin da zai iya gaya maka mugun labari shi ake yarda da shi in ya kawo mai daɗi.

A hanyarmu ta komawa gida na ce wa Baba, cikin ladabi, akwai wani mutum a Jidda da muka ɗaure wa allura a tsakiya tun bayan Babbar Sallah. Sai da na tsaya a ƙofar gida, kafin in zagayo in kama shi, ya ce in rubuta maka, amma kada in kai allurar ja.

To, ga inda take, ban ƙara ba ban rage ba. Ƙodojin Baba sun gaza. Tafiyar Kano da nake ce maka ta ganin likitan ido ce, wankin ƙoda ne, sau biyu a mako. Ƙafafunsa suna kumbura, sallah a zaune yake yi, abinci sai an lallaba. Hankalinsa ras yake, bakinsa ma ka ji yadda yake. Likita ya ce wankin yana riƙe shi, amma ƙarfin yana raguwa, duk mai son zama da shi yana cikin hayyacinsa kada ya jira azumi. Kuɗi ba shi ne matsalar ba, abin da kake aikowa yana isa. Ni dai na gaji da ɗaukar wannan magana ni kaɗai, kuma ina tsoro. Ciwon ɗan yatsa ma jiki duka yake ji, balle wannan.

Ka gaida Anti Zara, ka shafa min kan Jalaluddeen da ƙanwarsa. Inna tana gaishe ku, ta san na rubuta. Sama'ilu da Ɗayyabu suna miƙa gaisuwa, Manasseh ma ya ce a gaida mai aiko kaya ba bayani. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Idan ka kira Baba zai ce maka lafiya lau. Ka amsa masa da alhamdulillahi kamar kullum, sannan ka je ka nemi hutu.

Taka ƙanwa,
Shahida.