Yadda Muka Yashe Laburare

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin ofis. Kada ki duba rubutun. Kin san tun a firamare na yi sallama da boko, kuma malamin ya fi ni murna.

Labari ba daɗi. An ce za a rufe laburarenmu a yanka shi shaguna, wai ba mai aron littafi. Malama mai kula da wurin ce ta faɗa mana, idonta jawur. Ba zan ɓoye miki ba, ni fanka ce ta fara kai ni can in na rufe shagon ɗinki, jarida kuwa fuska nake rufewa da ita. Amma a teburin bakin tagar nan kika yi karatun jarrabawa, yanzu kuma ƙannenki can suke fakewa daga hayaniyar gida.

To, ubanki ya yi dabara. Na bi layi gida-gida na ce kowa ya je ya ara. Mahauci ya rungumi nasa, mai wanki ya zo da baro. Katin aro ya ƙare tun kafin azahar. Malama tana cewa, "Tela, a hankali," na ce, "Malama, bar rubutun nan, ai duk mun san juna." Yanzu kantoci wayam, sai gizo-gizo da ƙamus ɗin nan da ba mai iya ɗaga shi. Tunda maganar a ofishinku take, ki gaya wa shugabanku ya zo ya ga gari mai karatu.

Ni ne ubanki, mai kai kamar na gwamna.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, da Mama da yara.

Wa ya ce maka aro za a duba? Mai son a mayar da wurin shaguna ne ya kawo ƙara, wai Malama tana sayar da littattafan. Sufeto zai zo ranar Alhamis ya ga ko suna nan. In ya tarar da kantoci fayau, kuma babu kati, za a rufe wurin, ita kuma a kore ta da sunan ɓarauniya. Don Allah a mayar da komai.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa a tsaye, don ƙafafuna ba su zauna ba tun da direba ya miƙo mini takardarki. Garin gyaran gira na tsokane ido.

Na koma gida-gidan nan, sai ga sabuwar masifa: sun ƙi bayarwa. Mahauci ya ce, "Tela, matar da ke littafin nan tana cikin jirgin ruwa, guguwa ta taso, ka ce in mayar?" Yana riƙe da wuƙa, ban ja maganar ba. Mai wanki ya raba nasa ga masu kawo masa kaya, ya ce bai san wa ya ɗauki wanne ba. Har uwarki ta tura nata ƙarƙashin katifa, wani na kiwon kaji, ta ce sai ta gano abin da ke kashe mata 'yan tsaki. Na ce, "Jama'a, ni ara na ce, ban ce a karanta ba!"

Malama ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Na tarar ta sa kofin shayinta da dardumarta a jaka ta ajiye a bakin ƙofa. Na yi mata barkwanci, ta dube ni kawai. Uwata, matar nan ita ta koya miki riƙe littafi. In aka kira ta ɓarauniya, ni na ɗinka mata rigar.

Ki sa mu a addu'a.

*

Uwata,

Ina gaishe ki. Sufeto ya zo. Ya dubi kantoci rabi a cike, ya dubi Malama, ya zare biro. Gumi ya wanke ni a ƙarƙashin fankar tawa.

Sai ga mutanen gari suna shigowa, kowa da littafi a hannu, har waɗanda ban taɓa aika ba. Aka cika ɗakin, wasu a taga. Mahauci ya miƙa nasa amma bai cire yatsa daga shafin ba. Sufeto ya ja, shi ma ya ja. Mahauci ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗauki, amma fara gaya mini, ta tsira ko ta nutse?" Ba wanda ya yi dariya. Sufeto ya daɗe yana kallonsa, ya saki littafin, ya yi rubutu, ya tafi.

Jakar Malama tana nan a bakin ƙofa. Me ya rubuta?

Ubanki, wanda ya tuba.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ba ni da izinin faɗa. Amma yau an sa ni buga takardar sayen sababbin katunan aro, masu yawa.

Ka gaida Malama. Kuma don Allah kada ka sake yin dabara.

'Yarka.